Zaman Almajiranmu a Birnin Alƙahira

 Maganar da na ɗauko yau ta 'ya'yanmu ce da ke karatu a Masar. Da wuya yanzu ka shiga unguwa ba a nuna maka gidan da ɗansu yake Azhar ba, a faɗa da alfahari, kuma abin alfahari ne. Amma in ka tambayi uban a wane ɗaki yaron yake kwana, me ya ci jiya da dare, wane littafi ke hannunsa, gaban wa yake durƙusawa, sai ka ji shiru. Abin da ya sani shi ne ya taɓa jari ko ya jinginar da gona, ya sayi tikiti, ya raka shi filin jirgi na Kano. Daga nan zuwa Alƙahira jirgi bai cika awa 5 a sama ba. Abin da ke bayan saukar jirgin shi nake so in bayyana, gwargwadon abin da idona ya gani a ziyara da abin da almajiraina da suka daɗe can suka tabbatar mini.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Jauharu Basiƙille ya aza harsashin masallacin Azhar a shekarar 970, aka yi Juma'ar farko a cikinsa cikin Ramadan na 361 Hijiriyya, watau 972. Wajen 1242 mutanen Kanem suka gina makaranta a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, wadda ake kira Madrasar Ibn Rashiƙ, domin 'yan ƙasarsu masu karatun fiƙihun Malikiyya da mahajjata masu wucewa. Dā a cikin Azhar kanta kowace al'umma tana da ruwaƙinta, watau sashen kwana da ajiyar littattafai: na Magaribawa, na Turkawa, na Shamawa, na Jawa, har da na Barnawa. A wancan zamani mazaunin ruwaƙi yana da rabonsa na gurasa daga waƙafi, wanda ake ce wa jaraya. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bafillacen Katsina, masanin hisabi da hatimi, a Alƙahira ya cika a 1741, a gidan Shehu Hasanul Jabarti, mahaifin mai littafin tarihin nan. Waɗancan da ƙafa da raƙumi suka je, tafiyar wata da watanni ta koya musu harshe da haƙuri tun kafin su hango birnin. Na yanzu ya karya kumallo a Fagge, ya yi sallar lisha a Abbasiyya, bai koyi kome a hanya ba.

Farkon abin da ke raba ɗalibai gida biyu shi ne makwanci. Wanda Azhar ta ba gurbin karatu na kyauta, abin da suke kira minha, ana saukar da shi a Madinatul Bu'us da ke unguwar Abbasiyya. Gari ne cikin gari, da katanga da ƙofa da masu gadi, an buɗe shi a 1959 domin baƙin ɗalibai. Akwai gado, akwai abinci, akwai masallaci da ɗakin magani, da ɗan abin sayen sabulu a ƙarshen wata. A nan Bahaushe zai tashi ya tarar maƙwabcinsa ɗan Indunusiya ne, na gaba ɗan Senegal, na can ɗan Afganistan, ba abin da ya haɗa su sai alƙibla da Larabci. Sai dai gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa. Waɗanda suka je da kuɗin iyayensu haya suke kamawa, a Darrasa kusa da masallaci, ko a Madinat Nasr wajen Hayyul Ashir, ko a Ain Shams. Gidajen can benaye ne, a kama sashe guda mai ɗaki 2 ko 3, mutum 6 ko 8 su yi karo-karo. Dillali ya karɓi la'adarsa, mai gida ya karɓi kuɗin ajiya, mai tsaron ƙofa da suke kira bawwab yana da nasa kowane wata. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inuwar darbejiya. Gardin da ya saba ɗaga murya da tilawa gaban wutar tsangaya, ranar da ya gwada haka da asuba sai maƙwabci ya buga masa bango. Tun da yaƙi ya tashi a Sudan cikin Afrilun 2023, jama'a masu yawa suka kwararo Alƙahira, haya ta yi tsada a unguwannin da baƙi ke zama.

Abinci kuwa, mutumin Masar yana kiran gurasa aish, watau rayuwa, kuma bai yi ƙarya ba, gama da ita ake karyawa, da ita ake kwana. Da safe ana haɗa ta da ful, wani wake mai faɗi da ke kwana yana dahuwa cikin tulun ƙarfe, a zuba masa mai da lemun tsami da gishiri. Akwai ɗa'amiyya, ƙanwar ƙosai ce, sai dai cikinta kore ne saboda ganye. Akwai kushari, shinkafa da adas da taliya da soyayyar albasa a kwano guda, shi ne abincin ɗalibi ranar da aljihu ya yi sauƙi. Makon farko yaro yana murna, wata na biyu hanjinsa ya fara kukan tuwo. Sai Allah ya taimake shi ya gane cewa miyar da suke kira muluhiyya lalo ne, karkade zoɓo ne, busasshiyar kuɓewa kuma tana shagunan Sudaniyawa da sunan weka. Daga nan 'yan ɗaki su rubuta jerin girki su manna a bango, yau wane, gobe wane, a tuƙa tuwon shinkafa ko na semo. Yaron da bai taɓa hura wuta a gidansu ba nan zai koyi kaɗa miya. Mai sayar da tukunyar gas yana wucewa yana buga ƙarfe a jikin tukunya, in ba ka leƙo ta taga ka kira shi ba, ranar ba girki. Kuka da daddawa da yaji da man shanu su ne zinariya. Duk mai zuwa daga gida, kafin a tambaye shi lafiyar iyali an tambaye shi abin da ke jakarsa.

Gurasar da gwamnati ke tallafawa, wadda aka ƙara kuɗinta daga kurushi 5 zuwa 20 a watan Yunin 2024 bayan shekara fiye da 30 ba a taɓa shi ba, ta 'yan ƙasa ce masu katin rabo. Baƙo a kasuwa yake saye.

Sanyin can daban yake da hunturunmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu yake, mafi tsanani a watan da suke kira Ɗuba, kuma wani lokaci da yayyafi yake zuwa. Ɗakunan daɓen tayil ne, ba murhu, alwalar asuba jarrabawa ce mai zaman kanta. Bayansa iskar hamasin ta taso da jar ƙura da zafi tare, ba irin ƙurarmu mai zuwa da jaura ba. Wanda zai tafi a kaka, a saya masa bargo da rigar sanyi tun yana da kuɗi a hannu.

To, sai harshe. Almajiri ya karanta Ajurumiya, ya haddace Alfiyya, ya bi Maƙamatul Hariri da fassara, yana ganin Larabci ya zama bawansa. Ya shiga shago ya nemi sukari da cikakken li'irabi, mai shago ya dube shi ya yi murmushi ya ce sadaƙallahul azim, kamar wanda ya ji an kai aya. Mutanen Alƙahira jimun nasu ga ce, raƙumi gamal ne a bakinsu. Ƙaf kuma sun mai da ita hamza, alƙalami ya koma alam, har baƙo ya zaci ciwo ake nufi. Wannan ba a kasuwa kaɗai ya tsaya ba, gama wasu malamai a cikin aji su kan fara da fusaha, in bayani ya yi zafi su zame cikin harshen gida, baƙo ya zauna yana kallon baki. Kalmomi biyu da kowa ke fara koya su ne bukra da ma'alesh, watau gobe da yi haƙuri, kuma zai ji su fiye da yadda yake so. Ba zan ɓoye ba, akwai yaran titi da wasu manyan banza masu jifan baƙar fata da kalmar samara ko abin da ya fi ta muni. Akwai kuma tsohon da za ka tambaya hanya ya bar shagonsa ya raka ka, da direban da zai ga Alƙur'ani a hannunka ya ce da kai ya Maulana. A ƙananan motocin haya babu yaron mota, na baya ya miƙa kuɗinsa ga na gabansa, hannu da hannu har ya kai direba, canji ya dawo ta hanyar da kuɗin ya bi, ba ya ɓata.

Abin da ya fi taɓa zuciyar alaramma shi ne wannan. Mu da ruwayar Warshu muka tashi, da rubutunmu na allo, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama. Masar da Hafsu take karatu, mushafinsu fa ɗigonta a sama yake, ƙaf kuma biyu. Yaron da ya yi satu da ka, wanda ba a taɓa kama shi da gyara a darasu ba, ran da ya ja salla a masallacin unguwa sai ya ji na baya suna yi masa gyara a inda bai yi kuskure ba. Na ga wanda wannan ya sa shi kuka. Masana ƙira'a na can sun san Warshu sarai, Imamu Warshu kansa mutumin Masar ne, can aka haife shi can ya rasu, kuma Shehu Mahmud Halil Husari da ya naɗi Alƙur'ani duka da Hafsu a 1961 ya sake naɗarsa da Warshu a 1964. Amma jarrabawar makaranta da Hafsu ake yi galibi, kuma suna tsanantawa a maharijul hurufi, su tsai da mutum kan ain da ha da dad har ya gaji. Shawarata ga almajiri kada ya saki Warshunsa, kada kuma ya yi girman kai. Ya nemi maƙara'a ya durƙusa, ya karanta Tuhfa da Jazariyya, ya ɗauki Hafsu da ijaza, sa'an nan ya mai da haddarsa ta gida gaban mai sanadi ya karɓi ijazar Warshu. Wanda ya yi haka ya dawo da riga biyu. Imamu Shaɗibi mai Shaɗibiyya yana kwance a maƙabartar Ƙarafa, gindin dutsen Muƙaɗɗam, hanyarsa ba ta mutu a garin ba.

Kada uba ya zaci ranar da yaro ya sauka ranar zai shiga jami'a. In takardar makarantarsa ta gida ba ta cikin waɗanda Azhar ta yarda da daidaitarsu, abin da suke kira mu'adala, sai an gwada Larabcinsa an gwada iliminsa a ajiye shi inda ya dace. Wani a mai da shi ajin koyon harshe, wani a kai shi ma'ahadin baƙi ya fara daga ƙasa. Gardi mai shekara 25 da izu 60 a ka zai iya samun kansa a benci ɗaya da ɗan shekara 15. Kulliyar kanta shekara 4 ce ga mai Usuluddini ko Lugga, amma in aka haɗa da na share fage, wanda aka yi wa lissafin shekara 4 ya kan yi 7 ko 8. Wannan lissafi tun a gida ya kamata a yi shi, kafin a sa ranar aure ko a yi alkawarin limanci.

Sa'an nan ga iƙama, takardar izinin zama. Ana sabunta ta ne da shaidar makaranta, shaidar kuwa ba ta fitowa ranar da aka nema. Dā a babban ginin Mugamma na dandalin Tahrir ake yi, a 2019 aka mai da ofishin Abbasiyya. Yaro ya yi sammako ya kama layi, ya kai taga a ce hoto bai yi ba ko hatimi guda ya rage, bukra. Wanda ya yi sakaci ta ƙare, tara na hawa kansa, fita titi ma da fargaba yake yi. A Agustan 2023 gwamnatin Masar ta sa wa masu zama ba izini dala 1,000 kafin su gyara zamansu. Ɗalibi ba shi da wannan. Ku yi hattara kuma da dillalan da ke karɓar kuɗi a gida da sunan sun samo gurbi, yaro ya isa ya tarar bizar baƙunci ce ta 'yan kwanaki a fasfonsa, ba wanda ya san da zuwansa. Irin wannan ya faru ga ɗan wani maƙwabcina, sai 'yan'uwa ɗalibai ne suka ɗauke shi a ɗakinsu wata 5.

Fatake sun fi ni sanin maganar canji. Naira ta faɗi tun da aka sake ta a Yunin 2023, har dala ta haura 1,500 a farkon 2024. Fam ɗin Masar shi ma a ranar 6 ga Maris 2024 ya tashi daga wajen 31 a dala zuwa kusan 50. Ɗalibi yana tsakanin duwatsun niƙa biyu: abin da aka aiko ya ragu tun a hanya, abin da zai saya ya ƙaru. Uban da har yanzu yake aika abin da ya saba aikawa shekara 3 da suka wuce, ya sani yunwa yake aikawa. Yaranmu kuwa da kunya, ba za su faɗa ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A tsangaya, in almajiri bai fito karatun asuba ba, kafin rana ta ɗaga malam ya sani. A Alƙahira mai mutum fiye da miliyan 20 ba wanda zai sani. A manyan kulliyoyin addini aji guda ya kan ɗauki ɗaruruwa, ba a cika kiran suna ba. Akwai littafin da malamin kowane fanni ya tsara, ana sayensa, ana jarrabawa a kansa a Janairu da kuma farkon bazararsu. Mai wayo zai iya kwana a ɗaki shekara guda da waya a hannu, saura wata ɗaya ya sayi taƙaitawa ya haddace, ya sami maƙbul ya wuce. In ya faɗi fanni 1 ko 2 ya ja su zuwa aji na gaba, in sun fi haka ya maimaita shekara. Haka zai yi har ya karɓi shahada mai hatimin Azhar, ya dawo a yi masa walima, alhali in ka buɗe masa Muhtasar ba zai kai ƙarshen shafi ba.

A gefe guda kuma ga wata Azhar ɗin, wadda ba ta ba da albashi. Bayan sallar asuba, a cikin masallacin da ruwaƙansa, da ƙananan zaurukan karatu da ke lungunan bayansa waɗanda ake kira madyafa, da masallacin Shehu Ahmad Dardir mai Aƙrabul Masalik wanda ya rasu a 1786, malamai na zaune ana jan littafi daga bango zuwa bango, jimla jimla, kamar yadda muke yi a zaure. Nahawu, balaga, manɗiƙi, usulu, hadisi, fiƙihun mazhabobi 4, duk kyauta, ba a tambayar takardar kowa. A sahu guda za ka ga mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya waiwayi wani, wannan ma karatu ne ga ɗan ƙasarmu. Wanda ya fito daga hannun malamin zaure ya riga ya san ladabin wannan zama, ya fi ɗan makarantar benci saurin cin moriyarsa. Amma ba mai tashinsa, ba mai bulala. Daga Hayyul Ashir zuwa masallaci tafiyar awa guda ce ko fiye in hanya ta cushe, cikin sanyi, da ciki ba nauyi. Waɗanda ke jure wannan su ne ake jin ɗuriyarsu bayan shekara 10.

Abin da ya fi janye yaro daga ginshiƙan masallaci ba wasa ba ne, neman abin kai ne. Mutanenmu da yawa na zuwa Alƙahira neman magani, wasu saro jallabiya da abaya, dukansu suna bukatar tafinta. Ɗalibi ya tarbi mara lafiya a filin jirgi, ya kama masa masauki, ya kai shi gun likita, ya kwana a asibiti, a sallame shi da abin da ya fi kuɗin watansa. Taimako ne, da lada a ciki. Sai dai wanda ya ɗanɗana sau 3 da wuya ya koma zaman tabarma, kuma iƙamar karatu ba ta ba shi izinin aiki ba. Alhazai masu zuwa jinya, in kun sami yaro mai hidima ku tambaye shi yaushe ne darasinsa, ku sake shi a lokacin.

Ramadan shi ne watan da baƙo ke mantawa baƙo ne. Ana rataye fitilu a lunguna, ana shimfiɗa teburan buɗa-baki a titi waɗanda suke kira ma'idatur Rahman, kowa ya zauna ba a tambayarsa daga ina. A harabar Azhar dubban baƙin ɗalibai ke shan ruwa tare kowace rana. Ranar salla ce mai wuya. An sauko idi, Misirawa sun shige gidajensu, ba hawa, ba kiɗan taushi, ba ƙanwar da za ta kawo tuwon salla. Sai 'yan gida su taru a ɗaki guda, ɗan Kano da ɗan Damagaram da ɗan zangon Kumasi, a soya abin da ya samu, kowa ya koma lungu da waya yana gaida tsohuwarsa.

Uban da ke buga waya ya daina tsayawa kan ina karatu, lafiya lau. Ya tambayi sunan littafin da ake ja da babin da aka kai da malamin da ke bayarwa. Ya tambayi ranar da iƙama za ta ƙare. Ya nemi a aiko masa hoton sakamakon jarrabawa ya kai wa mai karanta Larabci, gama mumtaz da jayyid da maƙbul da rasib ba ɗaya ba ne. In shi ba malami ba ne, ya haɗa yaron da malaminsa na allo su riƙa magana ko sau ɗaya a wata. Ɗiya mace ma haka, gama tun 1962 Azhar take da kulliyar mata, kuma 'ya'yanmu mata suna can.

Na kusa mantawa da masu fataucin littattafai. Jajayen littattafai masu ruwan ɗorawar takarda da muka gada a kasuwar Kurmi, da yawansu bugun Mustafa Babil Halabi ne na Alƙahira. Shagunan suna lungun Darbul Atrak bayan masallaci, tsofaffin bugu kuma a Surul Azbakiyya kusa da Ataba. Babbar kasuwar baje kolin littattafai, wadda aka fara a 1969 aka mai da ita sabuwar Alƙahira a 2019, tana ci ne daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, daidai hutun tsakiyar shekara, a nan ake samun rangwame. Ɗalibai kan tara abin da suka saya cikin kwalaye su aiko ta jirgin kaya, gama nauyin da aka yarje wa fasinja ba ya ɗaukar Fathul Bari da Tafsirin Ƙurɗubi tare. Mai son a sayo masa littafi ya aika kuɗinsa kafin Janairu ya raba, ya rubuta sunan maɗaba'a da na mai tahƙiƙi, ya kuma ware kuɗin mota da na ɗan dako daban, kada yaro ya cika daga kuɗin gurasarsa.